ZAUREN ƘAWAYE: Liyafar Amarya, A Fara Da Lissafin Tukunya

  

A wannan fitowar za mu ɗan jingine zancen wace jaruma ce ta fi iya kuka da wane jarumi ne ya fi iya ɗaukar wanka, mu leƙa kicin. Dalili kuwa shi ne wata al'ada da ta samu gindin zama a tsakanin 'yan matan Kano da Kaduna da Jos da Abuja, wato liyafar da ƙawaye ke haɗa wa amarya kwana kaɗan kafin ɗaurin aure, wadda 'yan boko ke kira biraidal shawa. Asalinta daga Turawa ne. A Amurka ta yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19, inda mata dangi da ƙawaye ke taruwa su yi wa amarya ruwan kyaututtuka na kayan gida. Kalmar shawa ɗin ma ma'anarta ke nan, yayyafi. Mu dai da ma muna da kamu, da sa lalle, da wuni, kuma gudummawa ba baƙuwarmu ba ce. To ga shi an ƙaro mana wata, kuma nauyinta a wuyan ƙawaye yake, musamman ke babbar ƙawa.

Daga zamanin Sangaya da Wasila har zuwa yau da ake bin Labarina da Izzar So, mai kallon fim ɗin Hausa ya saba ganin biki. Ana nuno tebur shaƙe da abinci, ga kek, ga lemuka jere, kowa na murmushi. Amma ki lura da kyau, sau nawa kika ga an cinye abincin nan? Darakta na cewa a yanke, an wuce wurin. A fim abinci kayan ado ne, kamar labule da fulawa. A liyafar ƙawarki kuwa mutane za su zo da yunwarsu ta gaske, wata daga makaranta, wata daga wurin aiki, wata ma tun safe take wurin mai kwalliya ko ruwa ba ta sha ba. Balan-balan da hoton waya kwana biyu ne ake maganarsu. Amma a ce an je liyafar wance abinci bai kai ba, ko an dawo kowa na riƙe da ciki, wallahi har ranar sunan ɗanta na fari ana tuna mata. Saboda haka shawarata ɗaya ce: a fara da lissafin tukunya, ado ya biyo baya da abin da ya rage.

Mutum nawa ne?

Kafin ki kira mai girki, ki zauna da amarya ku rubuta sunaye. Ban ce ku kintata ba, ku rubuta, ɗaya bayan ɗaya. "Ba za mu wuce mu talatin ba" ita ce maganar da ta fi kowace jawo abin kunya. Idan kun gama da ƙawaye, sai ku sa waɗanda kullum ake mantawa da su alhali suna da baki: mai hoto, mai kwalliya, mai lalle, mai kiɗa idan akwai, direba, da mai gadin wurin. Ku sa ƙannen ango mata da za su leƙo. Ku ware na aikawa cikin gida wurin Mama, domin ba tsari ba ne a yi shagali da sunan 'yarta ko ƙamshi ba ta ji ba. Daga nan ku ƙara mutum biyar a kan kowane talatin da biyar saboda 'yan gayyar soɗi, don kin san hali, wata ba ta iya fita sai da 'yar rakiya.

Bari mu ɗauka lissafi ya tsaya a mutum 40. Da wannan adadin za mu yi misali har ƙarshe.

Nawa ke hannu?

Kuɗin liyafa karo-karo ne, kuma a nan zumunci ke fara tsami. Ki tuna ƙawayen nan sun riga sun sayi anko, sun biya tela, ga kuɗin kwalliya, ga na mota, ga gudummawa. Kada a yanka musu abin da sai sun ci bashi. A tsayar da adadin da mafi ƙarancin ƙarfi a cikinku za ta iya, mai hali ta ƙara a asirce, Allah ya ba ta lada. Kuma kada a riƙa lissafa sunan waɗanda ba su biya ba a zauren WhatsApp, tozarci ne.

Abu na biyu, kuɗin da ya shigo hannu shi ne kuɗi. "Zan turo gobe" ba ya sayen albasa. Ki sa ranar rufe karɓa, kamar mako biyu kafin liyafa, abin da aka samu ranar a kansa za a yanka riga. A ganina a ware wa ci da sha aƙalla rabi, sannan a ɓoye wani ɗan abu na ko-ta-kwana, domin ba a rasa ƙanƙarar da ta ƙare ko Keke Napep da za a ƙara. Daidai ruwa daidai tsaki.

Me za a ci?

Yawancin irin wannan liyafa bayan la'asar ake yin ta, a tashi kafin magariba ko jim kaɗan bayanta. Awa biyu ke nan zuwa uku. Ba wurin tuwo da miya kala uku ba ne. Babban abinci ɗaya, nama ɗaya, kayan ƙwalama biyu ko uku, abin sha biyu da ruwa, sun wadatar. Kala kaɗan mai daɗi wanda ya ishi kowa ya fi kala goma da kowa zai samu cokali ɗaya.

Ki tuna su wa za su ci. 'Yan mata ne cikin sabon ɗinki, fuska ta sha hoda, baki ya sha jambaki, hannu ya sha lalle. Duk abin da ke ɗigar da manja ko miya, ko mai sa a yi kokawa da ƙashi, zai dawo miki a faranti ba a taɓa ba. Dafa-duka ko soyayyar shinkafa ko dambun shinkafa suna tafiya da cokali lafiya lau. Kaza a yanka ta madaidaiciya a soya ta bushe, ko a yi tsire a tsinke. Idan kuna son na gargajiya, waina ƙanana ko sinasir da miya a ɗan kofi daban suna burge mutane fiye da yadda kike zato.

Wajen kayan ƙwalama, kowa yanzu samosa da fanke da mitfai yake kira. Ba laifi, amma su sai an soya su a ranar, kuma da sun huce sun saki jiki. Ki haɗa da namu masu jure ajiya: dubulan, alkaki, cincin, dambun nama. Waɗannan ana iya yin su kwana biyu ko uku kafin ranar, a rage wa kai ɗawainiya, kuma ko sun yi saura ba asara.

Sai ki tambayi ƙawaye tun da wuri ko akwai mai lalura. Mai gyambon ciki ba ta son yaji, to a sa yaji a gefe, mai so ta barbaɗa. Mai ciwon suga a ware mata zoɓon da ba a sa wa suga ba. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, alhali ƙuli-ƙuli ne ƙashin bayan yajin tsire, sai a faɗa musu. Idan ranar Litinin ce ko Alhamis, ba mamaki wata na azumi, a ƙulle mata nata ta tafi da shi.

Yawan da zai isa

Ga ma'aunin da za ki riƙe. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana ƙosar da mutum ɗaya, wato kilo ɗaya na mutum goma. Mutum 40 kilo 4 ke nan. Da kilo za ku yi magana da mai girki, ko da adadin faranti, domin kwano da mudu kowace kasuwa da girman nata. Kazar gidan gona babba tana ba da yanka takwas, kaji biyar sun ba kowa yanka ɗaya, ki sayi shida don hankali ya kwanta. Kayan ƙwalama a lissafa wa kowa guda biyar gaba ɗaya, jimla 200.

Abin sha kuwa kullum shi ke fara ƙarewa. A ba kowa biyu, ban da ruwa. Jarka mai lita 20 ta zoɓo tana cika kofi 40 na rabin lita. Kiret ɗin lemon kwalba guda 24 ne, biyu sun ba ki 48. Buhun ruwan leda guda 20 ne, huɗu sun ba kowa biyu, idan lokacin zafi ne ki ƙara biyu a kai. Ruwa ba ya yin yawa.

Zoɓo, kunun aya da ƙanƙara

Abin sha na gida ya fi arha, ya fi daɗi, kuma ya fi fito da ke a mace. Amma kowanne da halinsa. Zoɓo ana tafasa shi, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, don haka za a iya dafa shi daren jajibiri, a tace, a sa a sanyi. Kunun aya kuwa ɗan gata ne, ba a dafa shi, kuma in babu sanyi cikin 'yan awoyi yake juyawa ya yi tsami. Da safiyar ranar za a markaɗa shi, daga injin markaɗe sai cikin ƙanƙara. In kin san ba ki da tabbacin sanyi, ki haƙura da shi ki yi lemon citta ko na tsamiya.

Kada ki dogara da wutar Nefa. Ki yi cinikin ƙanƙara tun ana gobe, ki tanadi manyan kuloli. Kuma ƙanƙarar kasuwa wadda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, a jikin robobi ake jera ta, ba a jefa ta cikin abin sha. Wannan ba tsirfa ba ce. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu irin su Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga.

Haka nan a kula da garin lemo da kayan ɗanɗano na awo. Mutanen Kano ba za su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan sun sha lemon haɗi. Binciken hukumar NAFDAC ya nuna wani sinadari mai guba ne aka sayar a matsayin ɗan tsami. Don haka duk abin da za ki zuba a jarkar da mutum 40 za su sha, ki tabbata yana cikin ledarsa ta kamfani, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. In tsami kike so, ga lemon tsami nan da tsamiya, Allah ya hore mana.

Zafi ba ya jiran amarya

Ga inda da yawa ke faɗawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan a fili. Mai zafi ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5. A tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. To ki auna da garuruwanmu da zafi ke kai digiri 40 a watan Afrilu.

Shinkafa ta fi kowa iya yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe irinta, idan shinkafa ta huce ta daɗe a ajiye sai ta farka ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Ido ba zai gani ba, hanci ba zai ji ba, sai cikin dare a fara zarya. Saboda haka tambayar da za ki yi wa mai girki ita ce ƙarfe nawa za ta sauke tukunya, ba ƙarfe nawa za ta kawo kaɗai ba. Mai girkin da ta karɓi aikin biki uku a rana ɗaya tana iya dafa naku tun asuba, ku kuma sai biyar na yamma za ku ci. Ki ce mata a sauke bayan azahar, a zuba a kula mai riƙe zafi, kada a buɗe sai za a raba.

Haɗin kabeji da karas kuma kada a kwaɓa shi da Bama tun daga gida. A zo da ganyen daban cikin sanyi, sai an zo rabo a haɗa. Kek mai kirim shi ma a nesanta shi da rana, in ba haka ba kafin a yanka ya zama kunu.

Ciniki da mai girki

Kada hoton Instagram ya ruɗe ki, ana yi wa rogo kallon kitse. Ki nemi wadda wata da kika sani ta taɓa ba ta aiki, ki sayi faranti ɗaya ku ɗanɗana ke da amarya, in da hali ki je ki ga inda take girkin da idonki.

Hanya biyu ce. Ko ta yi komai ku biya ta kuɗin kowane faranti, ko ku yi cefane ku biya ta ladan aiki. Ta farko ta fi kwanciyar hankali. Ta biyu tana iya rage kuɗi idan akwai mai lokaci da iya ciniki a cikinku. A Kano, alal misali, kayan masarufi suna Singa, kayan miya suna 'Yankaba, kayan marmari suna 'Yan Lemo. Sai dai ki lissafa kuɗin mota da wahala, kuma ki sani in abinci ya gaza za ta ce cefanenku ne bai kai ba.

Ko wace kuka zaɓa, a rubuta. Saƙon WhatsApp ma ya isa, in dai ta amsa da "na yarda". A rubuta kalar abinci, adadin faranti, yankan nama nawa a kowanne, lokacin saukewa da lokacin kawowa. A rubuta wa zai kawo faranti da cokula da kofuna da tishu, wa zai biya kuɗin mota, ko za ta zo da masu rabo, wa zai kwashe shara, sannan abin da ya yi saura na wane ne. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne ake tayar da jijiyar wuya a kansu a gaban baƙi.

A kuma rubuta cewa farashin da aka yi ya zauna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 muka ga yadda kaya ke tashi tsakanin safe da yamma, har a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Cinikin da aka yi wata biyu kafin biki ba a ba da ko sisi ba, ba ciniki ba ne. Ki ba da kafin alƙalami wanda zai ishe ta cefane, ta sayi kayan da ba sa lalacewa tun da wuri, cikon kuma sai abinci ya iso kin ƙirga. Kada ki biya duka tun farko, kada kuma ki riƙe mata haƙƙinta bayan ta cika alkawari. Ita ma neman halal ɗinta take.

Ranar liyafa

Tsarin kowa ya ɗiba da kansa yana da kyau a ido, amma mun san kanmu: goman farko sun kwashe nama, goman ƙarshe sai ƙanzo. In za a yi shi, a tsayar da mace biyu a bakin tebur suna zubawa, kuma a samu wata yaya ko anti mai kwarjini wadda ba a yi mata gardama. In ba haka ba, a zuba wa kowa nasa a roba mai murfi, rabo ya zo daidai, wadda ba ta ci ba ta tafi da abinta.

Kada a ajiye abinci sai an gama wasanni da hotuna da buɗe kyaututtuka. Da baƙi sun zauna a miƙa ruwa da abin sha da kayan ƙwalama, babban abinci ya fito cikin awa ɗaya. Mai yunwa ba ta dariyar wasa.

Sannan amarya! Ita ce aka taru dominta, kuma ita ce ta fi kowa kwana da yunwa. Wannan ta ja ta hoto, waccan ta ja ta rawa. Ki cire mata nata tun kafin a fara rabo, ki ja ta gefe minti goma ta ci ta sha ruwa, mai kwalliya ta gyara mata jambaki. Kwanakin biki da yawa suna gabanta, tana buƙatar ƙarfinta.

Abin da ya yi saura a raba shi a daren, ga maƙwabta, ga masu gadi, ga almajirai, tun yana da kyau. Wanda kika ga ya fara juyawa kuwa a zubar. Abin da ba za ki iya ba ƙanwarki ba, kada ki ba ɗan wani da sunan sadaka.

Ku kuma samari masu leƙen wannan fili, na san kuna nan. In kai ne angon, ba a gayyace ka ba, amma ba a hana ka aiko da kiret biyu da kaji ba. Ƙawayen amarya ba sa manta alheri, ba sa kuma manta rowa, kuma ranar sayen baki tana nan tafe.

A ƙarshe 'yan'uwa, wannan liyafa ba farilla ba ce, ba ta cikin sharuɗɗan aure. In ƙarfinku na mutum goma sha biyar ne a falon gidan yayar amarya, da dambu da zoɓo mai sanyi, ku yi abinku cikin farin ciki, kowa ta ƙoshi, a yi wa amarya addu'a a watse ba a bin kowa bashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya ba amarenmu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, 'yan baya kuma Allah ya kawo nagari. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku da shawarwarinku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.